Yadda Ake Haɗa Murhun Gasa Rago Sukutum da Duro Ɗaya

Tun ranar walimar saukar ƙanena, da muka gasa rago sukutum a ƙofar gida, tambaya ɗaya ake ta yi mini: a ina ka sayi murhun nan? Ba saya na yi ba. Duro ɗaya ne da 'yan ƙarafa da aikin yini biyu a wajen mai walda. Na gaji da zana wa mutane shi a bayan takarda, shi ya sa na ga gara in rubuta shi daki-daki, har da kurakuran da na tafka kafin in gane kansa.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu, domin duk ƙirar a kansa ta tsaya: wuta ba ta zama a ƙarƙashin rago. Gefe da gefe take zama, rago yana sama yana juyawa, kitsensa yana ɗiga inda babu garwashi. Duk wanda ya je Yamai da Babbar Sallah ya ga haka da idonsa, raguna a banƙare kan sanduna sun kewaye wuta daga nesa, zafi ne kawai ke isa gare su. Hikimar ke nan, sai dai mu za mu mayar da ita ƙarfe.

1. Fara auna rago, kafin ka sayi ƙarfe

Murhun da zan kwatanta na ragon da namansa bai wuce kilo 12 zuwa 18 ba ne bayan an feɗe, an cire kai da ƙafa da kayan ciki. Rago yakan ba da abin da bai kai rabin nauyinsa ba ko ya kusa, wato mai kilo 30 zuwa 35 da ransa zai ba ka kimanin kilo 15. Wannan zai ishi mutum 25 zuwa 30 idan akwai shinkafa ko gurasa a gefe.

Ɗan Yankasa matashi shi ya fi dacewa. Buɗe bakinsa ka duba: wanda bai yi famfara ba, haƙoran gabansa ƙanana ne duka, namansa zai yi laushi. Balami ƙato na nunawa a layi ne, amma a kan sanda wahala ce, waje zai ƙone ciki bai nuna ba. Irin wannan a yanka shi gunduwa-gunduwa a yi balangu.

Idan aka miƙe irin wannan matashin rago daga wuya zuwa ƙarshen ƙafafun baya, yakan kai mita ɗaya ko ya ɗan wuce. Duro kuwa tsawonsa santimita 88 ne, faɗinsa kusan 57. Ka ga duro ɗaya a yadda yake ya yi gajarta. Dabarar ita ce a tsaga shi biyu a tsaye, a haɗa ɓarin biyu kai da kai, ya zama dogon komi.

2. Zaɓen duro

Nemi duron ƙarfe mai cin lita 200, mai kauri, wanda tsatsa ba ta huda ba. Ƙwanƙwasa shi ka ji. Mai kauri ƙararsa a dunƙule take. Wanda aka zuba kayan abinci a ciki, kamar man girki, shi ne na farko a zaɓi. Karanta rubutun jikinsa, ka buɗe ka sansana.

*Gargaɗi:* duron da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, maganin ciyawa ko wani sinadarin da ba ka san shi ba, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Wanki ba ya fitar da shi, ƙonawa ma ba tabbas. Haka kuma duro mai farin rufi irin na kwanon rufi: wannan rufin tutiya ne, idan ya ji wuta sosai yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Baƙin ƙarfe kawai.

3. Sauran kaya da maganar kuɗi

Ga abin da za ka haɗa:

- Ƙarfe mai kusurwa, inci ɗaya da rabi, dogaye uku. Za a sami ragowa.
- Bututun ƙarfe mai kauri, inci ɗaya da kwata, tsawon mita biyu. Shi ne sandar gashi.
- Guntun bututu da ya ɗan fi sandar faɗi, yadda za ta shige cikinsa, kamar santimita 30.
- Rodi mai lamba 12, mita uku.
- Noti manya huɗu da mazansu.
- Tsohon faifan sarƙar babur guda ɗaya.
- Farantin baƙin ƙarfe marar kauri, na tiren kitse da na kare iska.
- Wayar ɗauri, filaya, ƙaramin shebur, busasshen yashi bokiti biyu.

Ba zan rubuta farashi ba, domin na ƙarfe ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Amma ga inda kuɗin ke tafiya: ƙarfe mai kusurwa da ladan mai walda su ne manya, sai duro, sai sanda. Sauran tarkace ne. Gaba ɗaya dai murhun bai kai kuɗin ragon da za ka ɗora masa ba, kuma za ka shekara da shekaru kana mora.

A Kano, Ƙofar Ruwa za ka nufa. A Kaduna, Panteka, inda za ka sayi ƙarfen kuma ka sami mai haɗawa a wuri ɗaya. A Yamai, kasuwar Katako. Ƙafafu da abin riƙewa ana iya yin su da ƙarfen 'yan gwangwan, kuɗi zai ragu sosai. Wuri ɗaya ne ban yarda a yi tsimi ba: sanda. Araha ba ta ado. Siririn bututu idan ya ji zafi ga nauyin rago sai ya lanƙwashe a tsakiya kamar baka, kuma babu gyara sai an sauke nama.

Sayi kayanka da kanka, sannan ku yi jinga da mai walda a kan aikin duka. Ku yanke tun farko wa zai sayi man janareta idan babu wuta. Kada ka bari sai saura kwana uku Sallah, lokacin kowa ya kawo ƙofarsa gyara.

4. Tsaga duro da haɗa komi

*Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a duk aikin nan:* duro rufaffe da ya taɓa ɗaukar fetur, gas, kananzir ko sinadarin fenti bam ne. Ba man da ya rage ke fashewa ba, tururin da ke ciki ne, kuma yana nan ko da duron ya shekara a bushe. Tartsatsi ɗaya ya isa. Kowane duro ne, a cire murafansa biyu, a wanke da ruwan zafi da omo, sannan a cika shi da ruwa kafin injin yanka ya taɓa shi. Idan mai walda ya ce maka "haba Alhaji, kullum muna yi", ka ce ka ji, amma a zuba ruwan.

A kwantar da duro, a ja layi da alli daga kai zuwa gindi ta ɓangare biyu, a tsaga. Yanzu kana da komi biyu gajeru. Kowanne a yanke masa kai ɗaya yadda zai saura santimita 75, sai a haɗa buɗaɗɗun bakunan a yi musu walda. Ka sami komi mai tsawon santimita 150, zurfi kusan 28. A goge duk bakin da aka yanka, yana yanka hannu kamar aska.

A huda ramuka masu faɗin babban yatsa a jere ta gefe biyu, kamar tafin hannu ɗaya sama da gindin komin, tazarar santimita 15 tsakaninsu. Ta nan gawayi zai sha iska.

Sai abin da mutane da yawa ke mantawa. Cikin komi zagaye yake, duk garwashin da ka zuba a gefe gangarowa tsakiya zai yi, daidai inda ba a son sa. Don haka a kwantar da ƙarfe mai kusurwa guda biyu a tsawon komin daga ciki, a yi musu walda, a bar tazarar santimita 20 tsakaninsu. Su ne shingen wuta. A tsakiyarsu tiren kitse zai zauna, wanda za a lanƙwasa da farantin nan.

5. Ƙafafu da ginshiƙai

A yi wa bakin komin firam da ƙarfe mai kusurwa, a sa ƙafafu huɗu masu tsawon santimita 60, a ɗan buɗe su waje, a ɗaure su da ƙarfe a ƙasa don kada su yi rawa. A kowane ƙarshen komi, daidai tsakiya, a tsayar da ginshiƙi da zai ɗara baki da santimita 45. A jikin kowanne a yi ƙugiya uku da guntayen rodi masu kallon sama: a santimita 20, 30 da 40 daga bakin komi. A auna da kyau, ƙugiyar hagu da ta dama su yi daidai.

Ragowar farantin a yi bango da shi a bayan murhu, mai tsayin ginshiƙan, wanda ake saƙalawa a cire. Yana kare iska, yana mayar da zafi kan nama. Da hunturu, idan babu shi, gawayinka iska za ta cinye.

6. Sanda, inda aikin yake

Karon farko da na gwada, bututu sumul na zura wa rago na ɗaure ƙafafu da waya, na ce shi ke nan. Awa ɗaya da ɗora shi nama ya saki, ya ɗan tsuke. Ina juya sanda, sanda tana juyawa ita kaɗai a cikinsa, rago ya kafe da gadon baya a ƙasa yana kallon wuta. Baƙi suna zaune a kan tabarma suna jira, mu kuwa mutum uku muna kokawa da nama mai zafi da tsummoki. Bayan ya ƙone, ciki da jini. Ranar tsiren bakin titi ya fitar da ni kunya.

Abin da ke hana haka shi ne cokula biyu masu yatsu. A yanka guntun bututun nan mai faɗi gida biyu. Kowanne a manna masa rodi biyu masu tsawon santimita 25, a fiƙe bakinsu, su miƙe a tsawon sanda, ɗaya ta nan ɗaya ta can. A huda jikin guntun, a yi wa noti walda a kan hudar, yadda idan ka ɗaure namijin notin zai danne sanda ya riƙe gam. Cokali ɗaya zai shiga cinyoyi ta baya, ɗaya ya shiga kafaɗu ta gaba. Idan mai walda ya ɗan daddaɓe wurin da notin zai danna a jikin sanda, riƙon ya fi ƙarfi.

Kai ɗaya na sanda a fiƙe shi ko a matse. Ɗaya kan a yi masa mariƙi mai lanƙwasa irin na injin markaɗe, a sa masa katako ko guntun gora saboda zafi. Kusa da mariƙin a manna faifan sarƙar babur, a huda ginshiƙi a ƙarƙashin kowace ƙugiya, yadda za ka zura guntun rodi ya shiga faifan ya tsayar da rago a duk fuskar da kake so. Da wannan ba sai ka tsaya riƙe da sanda awa biyar ba.

Wasu suna sa injin goge gilashin mota da batir ya riƙa juyawa da kansa. Yana yi, amma gudunsa ya yi yawa, sai an rage shi da sarƙar keke da faifai babba har ya dawo juyi uku zuwa biyar a minti. A ganina, wanda zai gasa rago sau biyu ko uku a shekara bai buƙatar wannan ɗawainiya. Samari biyu da shayi sun wadatar.

7. Ƙona murhu kafin ranar farko

Kwana ɗaya ko biyu kafin gashi, a fitar da murhu fili, a cika shi da itace, a ba shi wuta mai ƙarfi ta awa biyu har fentin ciki da na waje ya ƙone ya zube. Ku tsaya ta inda iska ke fitowa, yara su yi nisa. Idan ya huce a kankare da burushin ƙarfe, a wanke, a shanya, a shafe da man gyaɗa. Sanda da cokula da wayar ɗauri su ma a ƙona su a wanke, domin da maiƙon masana'anta suke zuwa.

*Gargaɗi:* kada a yi wa cikin murhu fenti don ya yi kyau. Kuma kada a ɗauko ragar tsohon firij a ce za a ɗora nama a kai, rufin jikinta ba na wuta ba ne.

8. Ɗaure rago

A yanka da asuba, a feɗe, a wanke ciki, a rataye a inuwa awa ɗaya zuwa biyu ya tsane. Kada ya wuce haka a zafin ƙasarmu. Idan tun daren jiya aka yanka, to sai a firij ko cikin ƙanƙara. Ka gaya wa mahauci tun kafin ya sa wuƙa cewa sukutum za a gasa, kada ya raba ƙirji gaba ɗaya, kada ya kwashe kitsen baya, kuma ya ajiye maka tantanin kitsen da ke lulluɓe da tumbi.

A soke cinyoyi da kafaɗu da bakin wuƙa, a cusa dakakkiyar tafarnuwa da citta da gishiri. A shafe ciki da gishiri, masoro, kanumfari da kimba kaɗan. Waje kuwa gishiri da man gyaɗa kawai.

Sa cokalin baya a sanda, zura sandar ta tsakanin cinyoyi, ta bi ƙarƙashin ƙashin baya ta fito ta wuya, sannan ka sa cokalin gaba. A danna su cikin nama sosai, a ɗaure noti da sifana. Daga nan sai ɗaurin da ya fi kowanne: a huda gadon baya ta gefen ƙashi biyu, a zura waya ta zagaye ƙashin baya da sanda tare, a murɗe da filaya. A yi haka wuri uku ko huɗu. A miƙe ƙafafun baya a ɗaure su a sanda, na gaba a naɗe su jikin ƙirji. A jefa albasa huɗu da lemun tsami biyu a ciki, a ɗinke cikin da waya. Tantanin kitsen a shimfiɗa shi a gadon baya, a kama da tsinken tsire.

Kafin a kunna wuta, a ɗora a ƙugiya a juya a gani. Idan wani ɓangare yana faɗuwa da ƙarfi, a sassauta a gyara yanzu da nama ke da sanyi.

*Gargaɗi:* ƙirga wayoyin da ka ɗaura, ka rubuta. Lokacin yanka za ka ƙirga waɗanda ka cire. Guntun waya a cikin lomar yaro ba abin wasa ba ne.

9. Wuri da wuta

A kafa murhu a fili, kan ƙasa, nesa da rumfar kara, zana, mota da janareta. Siminti yana tsagewa idan garwashi ya zubo masa. Kada a shigar da shi zaure ko gareji don gudun ruwan sama. Iskar da garwashin gawayi ke fitarwa ba ta wari amma tana kisa a rufaffen wuri. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah a bakin damina take faɗowa, don haka a tanadi rumfar kwano mai tsayi, buɗaɗɗiya ta ko'ina, kuma a sayi gawayi da wuri a ajiye inda ba zai jiƙe ba.

Zuba yashi a gindin komi, kaurin yatsu biyu, ka sa tire a tsakiya da ɗan ruwa a ciki. Tanadi gawayi kilo 20 zuwa 25, manyan gutsattsari masu nauyi. Gara ya ragu da a ce ana tsakar gashi an tura yaro nemansa.

Hura gawayin a gefe, cikin kurfoti ko rami, da ƙirare. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da leda, duk warinsu yana kama nama. Sai ya zama garwashi ya yi farar toka sannan ka kwaso da shebur. Ka yi tsibi huɗu: biyu a gefen cinyoyi, biyu a gefen kafaɗu. Daidai haƙarƙari ɗan barbaɗe kawai, domin naman wurin siriri ne, zafin da ke zuwa daga kusurwoyi ya ishe shi. Wutar kurfoti ko ramin nan kada ta mutu, daga ita za ka riƙa ƙari duk bayan minti 30 zuwa 40. Ɗanyen gawayi a kan murhu hayaƙi yake yi, kuma yana kashe zafi.

Gwajin zafi da hannu ne: sa tafinka daidai inda nama yake. Idan ka iya ƙirga takwas zuwa goma kafin ka janye, daidai ne. Idan a huɗu ka janye, wuta ta yi yawa.

10. Gashi

Fara a ƙugiyar sama. Awa ta farko a riƙa juyawa a hankali kusan ba tsayawa. Za ka ga kamar ba abin da ke faruwa, nama ya yi fari-fari yana gumi. Nan ne masu kallo za su fara cewa a ƙara wuta. Kada ka saurare su. Daga awa ta biyu a sauko ƙugiyar tsakiya, a riƙa matsar da faifai kaɗan duk minti biyar, ana ɗan daɗewa idan cinya da kafaɗa suka fuskanci garwashi. Duk rabin awa a shafa man gyaɗa haɗe da man shanu da ɗan gishiri, da tsumma mai tsabta a bakin sanda. A duba noti da wayoyi, nama yana tsukewa, sai an ƙara ɗaurewa sau ɗaya ko biyu. Idan haƙarƙari ya fara duhu da wuri, a naɗe shi da takardar alminiyam.

Yaji sai ƙarshe. Yajin ƙuli da aka shafa tun farko ƙonewa yake yi ya yi ɗaci, kuma shi ne kuskuren da na fi gani wajen waɗanda suka saba da tsire. Tsire minti kaɗan yake yi a wuta, rago kuwa awa huɗu zuwa biyar. Sai saura rabin awa za a kwaɓa yajin da mai a shafe jikin duka, a sauko ƙugiyar ƙasa, a juya ba ƙaƙƙautawa har ya yi ja.

Sanin ya nuna: soka siririyar wuƙa a tsokar cinya har ƙashi. Ruwan da zai fito ya zama garau, ba ja ba. Murɗa ƙashin ƙafar gaba, idan ya juya ba gardama to kafaɗa ta yi. Mai ma'aunin zafin nama ya soka a cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba: digiri 75 na Celsius ya nuna, kafaɗa kuwa sai ta haura 85 take saki yadda ake yagarta da hannu.

*Gargaɗi:* idan kitse ya kama da wuta, kada a watsa ruwa. A ɗaga sanda, a zuba yashi a wurin. Bokitin yashi ya kasance kusa tun farko.

11. Saukewa da adana murhu

Mutum biyu su ɗauke sanda da tsumma mai kauri, su kwantar a babban tire ko tebur da aka shimfiɗa wa takarda. A rufe shi sama-sama ya huta minti 20, in ba haka ba romon duk a tire zai ƙare. A kwance noti, a cire wayoyi a ƙirga, a zare sanda. A fara da kafaɗu, sai cinyoyi, sai naman gadon baya, wanda ya kamata a kai wa dattawa kafin samari su gan shi. Abin da ya ragu kada ya wuce awa biyu a waje, da zafin bazara ma awa ɗaya, a sa a firij ko a soye shi.

Murhu kuwa a bar shi ya huce da kansa, ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana karkatar da shi. Washegari a kwashe toka da yashin da ya sha kitse, domin toka idan ta jiƙe ita ke cin gindin duro. A wanke sanda da cokula, a shafe su da mai, a ɗaure notin a jikinsu don kada su ɓace, a kife komin a ƙarƙashin rumfa, a ɗora shi kan bulo biyu yadda ruwan damina ba zai kwanta masa ba.